Fatar da Aka Yanke Daga Leɓe Ba Ta Komawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan matanmu da iyayensu a kan wani abu da ya shigo gidana ta waya, wato tiyatar ɗaga leɓen sama don ado. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Na daɗe a ɗakin tiyata ina miƙa wa likita almakashi da zare kafin in yi ritaya, saboda haka ɗinki da tabo ba baƙina ba ne.

Watan jiya ɗiyar ƙanwata, wadda aka sa bikinta bayan Babbar Sallah, ta zo ta zauna bakin tabarmata bayan La'asar. Ta yi ta kame-kame, can dai ta miƙo mini waya. Hoton wata mata ce a Instagram an raba shi biyu, kafin aiki da bayan aiki. Ta ce, "Inna, dubi wagga. Leɓena na sama ya yi tsawo, ko na yi murmushi haƙorana ba su fita. An ce awa guda ake gyara shi." Na ce, "Ke ɗiyata, mi kig gani ga leɓenki da ban gani ba shekara 23?" Na aiki yaro ya ɗauko rular makaranta, na ɗora daga gindin hancinta zuwa inda jan leɓe ya fara. Milimita 14. Abin da aka saba gani ga budurwa yana tsakanin 11 da 15, kuma yawancin awon nan a fuskokin Turawa aka fara yinsa. Ita ba madubi take kallo ba, kyamarar gaban waya ce, wadda in an matso da ita kusa take kumbura tsakiyar fuska ta sa hanci da leɓe su yi girman da ba nasu ba.

Ga abin da ake yi a aikin, tunda masu talla ba sa faɗa. Ana yin allurar kashe zafi, mutum yana farke. Likita ya zana layi a ƙarƙashin hanci daga wannan kafa zuwa waccan, siffarsa kamar ƙahon bijimi, ya yanke fatar wurin ya cire ta, yawanci 'yan milimitoci kaɗan, sannan ya jawo leɓen sama ya ɗinke shi a gindin hanci. Jan leɓen ya ɗan juyo waje, haƙoran gaba su leƙo. Bayan kwana biyar zuwa bakwai a cire zare, kumburi ya yi makonni, tabon kuma yakan kai shekara kafin a san yadda zai zauna. Akwai wata hanyar da ake yanka a kan iyakar jan leɓen kanta, amma ita tabonta a fili yake, babu inuwar hanci da za ta rufa masa asiri. Wasu kuma ƙananan yanka biyu suke yi, ɗaya ƙarƙashin kowace kafar hanci, ɗagawar ba ta da yawa.

A duk hanyoyin nan fata ake cirewa, kuma ba ta komawa. In likita ya zarce da milimita biyu kacal, sai a tashi da leɓen da ba ya haɗuwa da ɗan'uwansa sai da ƙoƙari, dasashi a waje in an yi dariya, wani lokaci kafofin hanci su jawo ƙasa su buɗe. Na ce wa yarinyar nan ta gwada cewa Bismillah ba tare da leɓɓanta sun taɓa juna ba. Ta gwada, ta fashe da dariya. Na ce to ki tuna da hunturun garin nan, lokacin da mai lafiyayyen baki ma leɓensa ke tsagewa, balle wadda za ta kwana baki buɗe cikin ƙura.

Sai maganar fatarmu, wadda ita ce ta sa na ɗauki biro. Matan da ake nunawa a hotunan nan yawanci farare ne, tabonsu yakan koɗe ya zama siririn layi. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu ko mai duhu, wasunmu kuma jikinsu na yin irin tabon nan da ke ci gaba da girma ya wuce wurin raunin, wanda likitoci ke kira kiloid. Mu nan ba sai an karanta mana wannan ba. Mun taso muna ganin tsagen Gobirawa da na Kabawa a fuskokin kakanninmu: wanzami ɗaya, aska ɗaya, amma na wani ya kwanta lif, na wani ya taso. Kuma kowa ya san wata da hujin kunne ya zame mata ƙululu kamar goro. Duk wadda ta taɓa yin haka, ko aka yi a ɗakinsu, ta gaya wa likita kafin a taɓa ta. Na kunne ɗankwali yana rufewa, na ƙarƙashin hanci kuwa da shi za ki gaida suruka. Ga kuma ranar Sakkwato, wadda ke ƙara wa sabon tabo duhu.

Da na gama wannan bayani sai ta ce to allura fa, ai ba yanka. Allurar ciko da ake kira fila ba ta rage tsawon leɓe ko kaɗan, cika shi take yi, in an yawaita ma sai ya yi nauyi ya turo gaba kamar bakin agwagwa, bayan watanni kuma ta narke a sake biya. Wata allurar da ake kira Botox tana sassauta naman da ke kewaye da baki ne, jan leɓe ya ɗan juyo na wata biyu ko uku, shi ke nan. Wata ƙawarta ta yi filar a hannun wata mata da ke zuwa daga wani gari da kula cike da allurai, tana karɓar 'yan mata a ɗakin otal. An kawo mini yarinyar da daddare, leɓe ya yi gudaji-gudaji, taɓawa ɗaya ta yi ƙara. Na tambaye ta mene ne sunan abin da aka zuba mata. Ba ta sani ba, lambar matar kuma a kashe. Wannan tambayar ba ta wasa ba ce, domin fila ta gaskiya akwai allurar da ke narkar da ita, silikon da wasu ke zubawa a madadinta kuwa sai wuƙa. Kuma in abin ya shiga jijiyar jini yana iya kashe naman wurin, har makanta an taɓa samu.

Ban ce babu mai bukatar aikin ba. Leɓen sama yana saki ya ƙara tsawo da shekaru, kuma akwai wanda nasa ya wuce misali tun haihuwa. Amma sau da yawa matsalar ba a leɓen take ba: haƙoran gaba ne gajeru ko suka zaizaye, ko ƙashin muƙamuƙin sama ne haka Allah ya yi shi. Wannan aikin likitan haƙori ne, yanke fata ba zai gyara shi ba. Duk wadda ta nace, ta fara da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a auna ta, ta tabbatar wanda zai yi aikin likitan tiyatar gyaran jiki ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, ta kuma ce ya nuna mata hoton baƙar mace da ya yi wa, bayan shekara guda, ba kwalliya.

Hukuncin addini na bar wa malamai, garin Shehu ba ya rasa su. Abin da na ji a makarantar Islamiyya dai shi ne an raba gyaran aibi da sauya halitta don ado. Sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. A wani hadisin kuma an la'anci masu goge haƙora su yi wushirya don ƙawa.

Masu aibin gaske kuwa suna nan kusa da mu. Tun 1999 Sakkwato ke da asibitin yara masu cutar noma, ciwon da mutanen karkara ke kira ciwon iska, wanda ke cinye leɓe da kunci da hancin ƙananan yara cikin kwanaki. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa wa asibitin tun 2014, ana yi wa yara tiyata kyauta, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Ina roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilinka can ya yi hira da likitocin da ke haɗa leɓe daga fatar wani wuri, su gaya wa masu karatu wahalar mayar da milimita ɗaya.

Ɗiyata dai ba ta ce ta fasa ba, ba ta kuma ce za ta yi ba. Ta roƙe ni kada in gaya wa uwarta, na ce sharaɗina mu je wurin likitan haƙori tare ranar Talata. Rular ma ta tafi da ita, na ji ƙannenta na cewa duk 'yan matan gidan an auna su.

Wassalam.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Mabera, Sakkwato.