Jinkiri ne ke naƙasa masu amosanin gaɓɓai a Zangon Kumasi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan amosanin gaɓɓai, ciwon da ke cin mutanenmu a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, alhali maganinsa yana nan, zuwa da wuri ne kawai ke gagarar mu.

Ciwon gaɓa iri-iri ne. Akwai na zaizayewar guringuntsi, wanda ya fi kama gwiwar manya da masu ƙiba. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa gaɓoɓin mai ita, kuma a kansa nake son tsayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Ana gane shi da kumburin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu, da sandarewar safe da kan kai awa guda. Mai koko da ta tashi da asuba ta kasa damƙe ludayi, ta kasa ɗaura zani sai 'yarta ta taimaka mata, ba tsufa ne ya kama ta ba.

Abin da muke yi sananne ne. A sayo diclofenac ko prednisolone a kemis, a haɗa da jiƙon da ake talla a cikin mota, zafi ya lafa, a ce Alhamdu lillahi. A ƙarƙashin wannan sauƙin kuwa gaɓa tana ci gaba da lalacewa, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ga gyambon ciki da lahanin ƙoda, ga kumburin fuska da hawan jini da ciwon suga ga wanda ya daɗe a kan prednisolone ba da sanin likita ba. Magungunan da ke tsayar da cutar, irin su methotrexate da hydroxychloroquine, sun fi aiki idan aka fara su a watannin farko. Sai dai methotrexate yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji bambanci, shi ya sa da yawa suke yar da shi tun bai kama aiki ba. Sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba, ana gwada jini lokaci-lokaci, kuma mai ciki ba ta shan sa. Likitan da ya rubuta shi bai zauna ya yi wannan bayani da harshen da mara lafiya ke ji ba, a ganina rabin aiki ya yi.

Na yara ya fi ba ni tausayi. Cutar tana kama yaro kafin ya kai shekara 16, ya tashi yana ɗingishi da safe, zuwa hantsi ya warware, sai a ce ƙyuyar makaranta ce, ko a ɗauka sikila ce ba tare da gwaji ba. Kumburin gaɓa da ya wuce mako 6 a jikin yaro na likita ne. Wani nau'inta ma yakan taɓa ido ba ja ba zafi har gani ya raunana, don haka dole likitan ido ya riƙa duba yaron a kai a kai.

Ƙwararru a wannan fanni kaɗan ne a Ghana, don haka ina kira ga Hukumar Kiwon Lafiya ta ƙasa ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamun, su tura mara lafiya babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye ba tare da jan rai ba. Hukumar inshorar lafiya kuma ta dubi kuɗin gwajin jini da na gashin ƙashi, waɗanda ke sa talaka yanke magani. Limamanmu da sarakunan Zango su ma suna da rawar takawa: ranar 12 ga Oktoba ce ranar wannan cuta a duniya, kuma ina roƙon su gayyato likitoci su duba jama'a a harabar masallatai a makon da ranar ta faɗo.

Naku,
Wani mai karatu, Aboabo, Kumasi