Ku dawo da baiwar Allah nan ta ƙarasa maganarta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Kwana huɗu ina haɗiye wannan magana ta ƙi wucewa, shi ya sa na zaunar da jikana ya buga mini ita a waya. Shirinku na lafiya na daren Laraba nake nufi. Baiwar Allah nan da kuka gayyato daga jami'a ta fara bayani ke nan a kan na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya don a bambance cututtukan da suka yi kama da juna, sai mai gabatarwa ya tari numfashinta da dariya, wai maleriya ai maleriya ce, ko wacce ta kama mutum magani ɗaya zai sha. Ta ce a'a, ba haka ba ne. Ba ta rufe baki ba aka sako tallan maganin basir, da aka dawo kuma aka shiga gaishe-gaishe har lokaci ya ƙare. Wallahi da rediyon nan ba na marigayiya maiɗakina ba ne, da a kwata ya kwana.

Shekara 31 na yi ina leƙa madubin gwajin jini kafin na yi ritaya, idona na dama har yau bai daina yi mini ƙorafi ba. Don haka ku faɗa wa ɗana mai gabatarwa, cikin mutunci, cewa abin da ya faɗa kuskure ne, kuma irin kuskuren da ke kwantar da yaro ne. Shi wasa ya yi. Amma a nan Kumasi, a unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba, akwai iyaye mata da suka ji, suka ɗauka hukunci ne daga rediyo.

Ƙwayar maleriya da ke kama ɗan Adam iri biyar ce. Falsifarum ita ce babbar mugu, ita ke da fiye da kashi 90 cikin 100 na maleriyar ƙasarmu Gana, ita ke kashe yara. Amma muna da malariye, mai suna kusan irin na cutar kanta, muna kuma da obale. Idan aka shafa jini siriri a gilashi aka zuba rinin Giemsa, wanda ake aiki da shi tun 1904, kowacce da kamanninta. Falsifarum ɗan zobe ne siriri mai jan ɗigo kamar dutsen zoben amarya, wani mataki nata kuma ya lanƙwashe kamar ayaba. Malariye takan gitta ƙwayar jini kamar ɗamara. Obale kuwa sai ta kumbura ƙwayar ta mai da ita kamar ƙwai, gefenta ya yi geza irin ta tsohuwar tabarma, jikinta duk ɗigo-ɗigo. Haka yake a littafi. A kan benci kuwa, da ƙarfe biyu na rana, gilashi 60 na jiranka, rinin ya tsufa, ruwan haɗawa bai daidaita ba, an ɗauke wuta kana haska madubi da tocilan, ƙananan zobban nan duk ɗaya suke a ido. Sai ka rubuta wadda ka saba gani. Ni kaina ban san obale nawa na rubuta da sunan falsifarum ba, Allah Ya yafe mana. Wannan ne ya sa da na ji maganar na'urar nan na ƙara murya, na ce wa yaran gida su yi shiru.

Bari in ba ku labarin ɗan ƙanwata. Yana da shekara 9 a lokacin. Zazzaɓi da rawar sanyi, a kai shi a soki yatsa a ɗiga a ɗan katin nan na gwajin gaggawa, a ce babu maleriya. Wanda aka fi yawan amfani da shi wani sinadari yake nema wanda falsifarum kaɗai ke fitarwa, in ba ita ba ce sai ya yi shiru abinsa. Aka ce taifot ce, aka yi masa allurai har mazaunansa suka kumbura. Uwarsa ta gaji ta je kyamis ta sayo maganin maleriya na kwana uku, yaro ya miƙe ya koma ƙwallo. Bayan wata biyu abin ya dawo. Aka sake, ya sake dawowa. A karo na uku ne maƙwabta suka fara cewa ai wannan ba na asibiti ba ne, iska ce, wata ma har ta ambaci sunan kishiya. Kun san yadda zango yake, magana ba ta kwana a ɗaki ɗaya. Auren mutum biyu ya kusa mutuwa a kan ƙwayar da ba ta kai ƙurar kwalli ba.

Ranar da jikin ya sake zafi na soki yatsansa da hannuna, na shafa a gilashi biyu, na hau tiroto na kai wa wani tsohon abokin aikina da har yanzu yake da rini mai kyau. Mun fi rabin awa muna karɓa-karɓa a kan madubi kafin muka ga ƙwan nan mai geza. Obale ce. Ita tana da ɗabi'ar da falsifarum ba ta da ita, wani ɓangarenta yakan kwanta barci a hanta, wata da watanni, sannan ya farka ya sake zubowa cikin jini. Maganin kwana uku yana share wadda ke jini, wadda ke hanta ko a jikinta. Sai an haɗa da firimakwin na kwana 14. Shi kuma firimakwin ba a ba da shi da ka, sai an gwada jini an ga ko mutum yana da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yi yawa a cikinmu. In aka ba mai wannan ƙaranci, jininsa sai ya riƙa fashewa, fitsari ya koma kamar baƙin shayi. Likita ya sa aka gwada yaron, aka ba shi, yau ga shi can yana koyon gyaran mota a Suame, zazzaɓin bai sake dawowa irin na da ba. To ina magani ɗayan yake?

Kada a ce sakacin Gana ne kawai. A Malesiya, a yankin Kapit na tsibirin Borniyo, an shekara da shekaru ana rubuta malariye, sai a 2004 masu bincike suka gwada ƙwayar halittar cutar suka tarar fiye da rabin waɗancan marasa lafiya wata ƙwaya ce ta birai mai suna nolesai. Malariye sai ta yi awa 72 kafin ta hayayyafa, ita kuwa wannan awa 24 take yi, tana iya kashe mutum ana cewa ai mai sauƙin ce. Ma'aikatan can ba makafi ba ne, kamannin ne ya ɓaci. Ga kuma cutar babesiya da kaska ke ɗauka. Mahautanmu da Fulani sun san danginta a shanu, saniya ta riƙa jan fitsari. Wadda ke kama mutum ta fi yawa a arewa maso gabashin Amurka, inda 'ya'yanmu da yawa suke zaune. A madubi zobe ce sak irin na falsifarum, sai mai sa'a ne zai gan su huɗu sun haɗa kai kamar alamar giciye. Maganinta daban ne. Yaro ya dawo hutu daga Niyok da zazzaɓi, wa zai kawo kaska a ransa?

Na'urar da baiwar Allah nan ta so ta bayyana, a iya fahimtata, tana yin abin da nake yi ne ba tare da ciwon wuya ba. Kyamara ce a kan madubi, tana tafiya da kanta a kan gilashi, ta ɗauki hoton dubban ƙwayoyi, kwamfuta ta auna girman kowacce da siffarta da ɗigonta, ta ware waɗanda take zargi ta nuna wa mutum. Akwai kuma dabarar rini mai ƙyalli. Jar ƙwayar jinin mutum idan ta nuna ba ta da cibiyar halitta a cikinta, don haka in aka zuba rinin da ke kama wannan cibiya aka haska, duk abin da ya yi haske a ciki baƙo ne, sai a duba shi da kyau. Baƙin dusar da ƙwayar maleriya ke bari bayan ta ci jini yana ƙyalli a ƙarƙashin wani irin haske, babesiya kuwa ba ta barin wannan dusa, ka ga an raba gardama. Manyan madubai masu aiki da lantarki har sun nuna ƙananan ƙuraje a bayan ƙwayar da falsifarum ta shiga, waɗanda da su take manne wa jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, yaro ya riƙa suma. A Kamaru ma da wayar hannu aka haɗa ɗan madubi, ana ɗaukar bidiyon ɗigon jini a ƙirga tsutsar lowa-lowa tana motsi kafin a ba mutum maganin makantar kogi, don mai tsutsar da yawa maganin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Ban ce na'ura waliyyiya ce ba. Obale kanta a 2010 aka gano iri biyu ce, kuma a madubi ba a raba su sai da gwajin ƙwayar halitta. Gilashin da aka shafa da ganganci kuwa, ko kwamfutar wace ƙasa ce shirme za ta karanto. Ai tambayoyin da ya kamata a yi mata ke nan. Nawa ne kuɗinta? Tana aiki da batir in an ɗauke wuta? Da jinin su wa aka koya wa kwamfutar, namu mai sikila da ƙarancin jini ko na wasu? Ƙaramin asibitin unguwa zai iya tura hoto ta waya zuwa cibiyar binciken cututtuka ta KCCR da ke nan jami'ar KNUST, ko cibiyar Noguchi a Legon, a duba masa? Minti 5 kacal aka ba ta, mai maganin basir ya samu 10.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, sanarwar rasuwa fa? Makon jiya maƙwabcina ya rasu da asuba, yaransa suka kawo muku sanarwa da hantsi suka biya, ba a karanta ba sai bayan La'asar, mun riga mun dawo daga maƙabartar Tafo har mun wanke ƙafa. Abokan cinikinsa na Alabar sai ta'aziyya suka zo suna jin kunya. Mu ba ma ajiye gawa, ku ma kun sani.

Ku sake gayyato ta, ku ba ta rabin awa cur, tallan ya jira. In tana so, ina da tsohon akwatin gilasai a ƙarƙashin gado, har da na ɗan ƙanwata, zan hau mota in kawo mata ta gwada na'urar a kansu.

Wassalam.

Naku mai saurare,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin jini,
Aboabo, Kumasi.