Sun ci zaɓe, to ina yarjejeniyar? Amsa ga mai tambaya kan ƙwadago a Amurka

Malam, assalamu alaikum.

A zauren taro ka tambaye ni: tun da ma'aikatan Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, da na Starbucks, mai shagunan kofi, sun kaɗa ƙuri'a sun kafa ƙungiyar ƙwadago, me ya sa aka kwashe shekaru babu yarjejeniyar albashi? Ka kuma ce ko shugabannin ƙungiyoyin ne suka gaza. Ni dai a ganina babban laifin na doka ne, kuma ga dalilina.

Dokar ƙwadago ta 1935 ta shimfiɗa hanya. Kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatan wuri su sa hannu a kati, hukumar kula da hulɗar ƙwadago ta ƙasa, NLRB, ta shirya zaɓe, in masu rinjaye sun amince sai ta ba ƙungiyar shaida. Haka aka yi a wani shagon Starbucks da ke birnin Buffalo na jihar New York a Disamba 2021, ƙuri'a 19 da 8. Haka aka yi a rumbun Amazon na Staten Island da ke birnin New York a Afrilu 2022, ƙuri'a 2,654 da 2,131. Amma har ƙarshen 2024 babu ɗayansu da ya ga yarjejeniya.

Daga ranar cin zaɓe aski ke zuwa gaban goshi. Doka ta ce kamfani ya zauna a tattauna da zuciya ɗaya, ba ta ce dole ya yarda da komai ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar H.K. Porter a 1970: hukumar ba ta da ikon tilasta wa kamfani ko da sharaɗi guda. Saboda haka lauyoyi kan zo su zauna, a ɗage zama, a sake ɗagewa. Wani kamfanin ma ba ya zama sam, sai ya ƙalubalanci zaɓen, kamar yadda Amazon ya yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hukuncin. A ce an kori matar da ke raba katin ƙungiya a ƙofar rumbu. Ta kai ƙara, ta yi nasara bayan shekaru. Dokar ba ta tanadi tara ba. Za a biya ta albashin da ta rasa, a cire abin da ta samu a wani aikin da ta kama don ciyar da 'ya'yanta, sannan kamfani ya manna takarda a bango na kwana 60 yana cewa ba zai sake ba. Ko wannan umarnin ma, in kamfani ya yi kunnen uwar shegu, sai hukumar ta je kotun ɗaukaka ƙara kafin ya yi aiki. A tsawon lokacin nan abokan aikinta sun ga abin da ya same ta, kowa ya kama bakinsa.

Jinkirin yana da riba a fili. Kariyar da ƙungiya ke samu bayan shaida shekara ɗaya ce. Bayanta ana iya neman sabon zaɓe don a rushe ta. A rumbu da shagon kofi kuwa ma'aikata ba sa daɗewa, waɗanda suka yi zaɓen da yawa sun tafi.

Za ka ce su shiga yajin aiki. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Mackay a 1938 kamfani na da damar ɗaukar wasu dindindin su maye gurbin masu yajin neman albashi. Ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta UAW ta iya wannan kasadar a 2023, ta yi yajin mako shida a Ford da General Motors da Stellantis har ta samo ƙarin kashi 25 cikin ɗari, domin tana da asusun yaji da yarjejeniyoyi na gomman shekaru. Sabuwar ƙungiyar shago mai mutum talatin ba ta da ko ɗaya.

Gyaran yana rubuce a ƙudurin dokar kare haƙƙin kafa ƙungiya da ake kira PRO: tara har dala 50,000 kan kowane laifi, haramta maye gurbin masu yaji dindindin, kuma in an yi kwana 90 babu yarjejeniyar farko a kira mai shiga tsakani, in ya gaza cikin kwana 30 masu sasanci su yanke abin da zai ɗaure kowa. Majalisar Wakilai ta amince da shi a Maris 2021, ya je ya maƙale a Majalisar Dattawa, inda ake buƙatar ƙuri'a 60.

Wassalam.