Wasiƙa ga abokan cinikinmu kan kartar maƙogwaro

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya kuma sanyi. Tun da iskar hunturu ta sauko Zariya, koken da muka fi ji a shagonmu na Sabon Gari kala biyu ne. Wasu na cewa sigarin lantarkin da suka saya yana kartar maƙogwaro har ya sa su tari. Wasu kuma, musamman waɗanda ba su daɗe da barin taba sigari ba, cewa suke yi ba sa jin komai, iska ce kawai ke wucewa. Kusan duka buƙatarsu ɗaya: a canza musu ruwan nikotin da ake zuba wa na'urar, ko mai ƙarfi ko mara ƙarfi. Mu kuwa a ganinmu ƙarfin nikotin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya taɓa, shi ya sa muka ga gara mu rubuta bayanin kowa ya karanta a nutse.

Da farko a raba abu biyu. Akwai ɗan bugun da mai shan taba ya saba ji a ƙasan maƙogwaro lokacin da hayaƙi ya shiga, wannan ana iya ƙara shi ko a rage shi. Akwai kuma ƙuna mai ɗaci da warin ƙonannen tsumma. Wannan yawanci ba laifin ruwan da kuka saya ba ne. A cikin koyil, wato ɓangaren na'urar da ke dafa ruwan ya zama hayaƙi, akwai auduga da ke tsotso ruwa ta kai wa wayar da ke yin zafi. Idan audugar ta bushe, ita ce wayar ke ƙonawa, hayaƙinta kuke zuƙa. Abubuwan da suka fi jawo haka uku ne: an sa sabon koyil an fara ja nan take, ko ruwan tanki ya yi ƙasa da ramukan da auduga ke sha, ko ana ja a jere ba hutu. Sabon koyil a ɗiga masa ruwa a kan audugar, a cika tanki, a bar shi minti 5 zuwa 10. Wanda ya riga ya ƙone ba ya gyaruwa, sai dai a jefar. Ruwa mai zaƙi sosai kuma yana saurin barin baƙin datti a kan waya, don haka masu son ɗanɗanon mangwaro da kankana su san koyil ɗinsu ba zai yi tsawon rai kamar na wasu ba.

Ku duba jikin kwalba, za ku ga an rubuta PG da VG, sinadarai biyu da ake haɗa ruwan da su, tare da lambar da ke nuna kason kowanne, kamar 50/50 ko 70/30. PG tsinkakke ne, shi ke ɗauko ɗanɗano, shi ne kuma ya fi taɓa maƙogwaro. VG mai kauri ne, yana ba da hayaƙi mai yawa da laushi. Wanda ke son ya ji bugu ya tsaya a 50/50, wanda abin ke kartarsa ya koma mai VG 70. Amma akwai sharaɗi: ƙananan na'urorin aljihu ramukan audugarsu ƙanana ne, ruwa mai kauri ba ya saurin ratsa su. Da sanyin asuba na wannan lokaci VG ƙara kauri yake yi, kamar yadda man ja ke daskarewa a kwalba, sai mutum ya fito daga Samaru a kan babur ya ja sau biyu ya ji ƙuna, ya ɗauka an sayar masa da jabu. Ku ɗumama na'urar a tafin hannu ko a aljihu kafin ku ja. Da bazara kuma akasin haka ne, ruwa ya tsinke ya riƙa yoyo, kuma kada a bar ta a cikin mota a rana, don batirin ba ya son zafi.

Yanzu ga inda muka fi so ku ba mu hankalinku. Nikotin ɗin da ke cikin waɗannan ruwaye iri biyu ne. Akwai na asali, wanda ake sayarwa a 3, 6 ko 12 miligiram a kowace mililita. Wannan yana da kaifi, da an ƙara yawansa maƙogwaro zai faɗa maka. Akwai kuma wanda aka rubuta wa salt a jikin kwali, wanda aka haɗa shi da wani sinadari mai tsami, galibi benzoic acid, don a kashe kaifin. Shi ya sa ake iya cusa 20, 35 har 50 miligiram a mililita ɗaya ya wuce sumul. Yawancin na'urorin sha-ka-yar da ke yawo a kasuwa an rubuta musu 5%, ma'anarsa miligiram 50 ke nan a kowace mililita. Ku yi lissafi da kanku: mililita 2 kacal na ɗauke da miligiram 100. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a wuce 20 ba, Ingila ma ta hana sayar da na sha-ka-yar gaba ɗaya tun watan Yunin 2025.

To, wanda ke riƙe da mai 5% yana cewa ba ya jin komai, maƙogwaronsa ne bai ji ba, jininsa ya ji. Idan ka ga jiri, tashin zuciya, ciwon kai, shaƙuwa ko zuciya na bugawa da sauri bayan ka ja, nikotin ya yi maka yawa, ajiye ta. Irin wannan mutum idan bugu yake nema, abin da ya fi masa shi ne ya sauko ya koma nikotin na asali mai 6 ko 12 a ruwan 50/50. Zai ji abin da yake nema a maƙogwaro, kuma abin da ke shiga jikinsa ya ragu nesa ba kusa ba. Mun san wannan shawara tana rage mana ciniki, don na sha-ka-yar sun fi kawo kuɗi, amma ita ce gaskiya. Kada kuma a kuskura a zuba ruwa mai 35 ko 50 a babbar na'ura mai koyil ƙasa da om 1 (om ma'auni ne da ake rubutawa a jikin koyil), irin mai fitar da hayaƙi ya cika ɗaki. Irin waɗannan na'urori ruwa mai 3 ko 6 ne ya dace da su.

Wuta da iska su ne gyaran da ba ya cin ko kwabo. A jikin kowane koyil an rubuta iyakar wat, wato ƙarfin wutar da yake ɗauka. Ku fara daga ƙasa, ku riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wuta mai yawa na ba da hayaƙi mai ɗumi da bugu mai ƙarfi, idan ta wuce iyaka kuma ƙuna ce. Ramin iska idan aka matse shi hayaƙin kan taru ya yi zafi, ya fi kama da jan sigari. Idan aka buɗe sai ya huce ya yi laushi. Abu ɗaya za ku canza a lokaci guda, ku yini da shi, sannan ku taɓa na gaba. Wanda ya sauya ruwa da koyil da wuta rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi masa aiki ba.

Ruwan da aka rubuta wa ice ko menthol yana da nasa cizon, sanyi ne da ke kama maƙogwaro. Da zafin Afrilu yana da daɗi, da hunturu kuwa yawancin masu tari shi ne ke hannunsu. Ƙari a kan haka, PG da VG duka suna janye danshi daga baki, ga iska busasshiya, ga ƙura. Ku yawaita shan ruwa. Haka ma idan azumi ya zo, wanda ya kai na'ura baki da zarar an kira magariba, kafin ya jiƙa maƙoshi ya ci wani abu, kada ya zo ya ce laifin kwalba ne.

Muna roƙonku kada ku zuba komai a tanki wanda ba don shi aka yi ba: turare, man zaitun, man habbatus sauda, zuma, ko wani haɗi da aboki ya kawo. Huhu ba ya narkar da mai. A shekarar 2019 a Amurka dubban mutane sun kwanta asibiti da ciwon huhu, wasu sun rasu, binciken hukumomin lafiyarsu kuma ya danganta abin da wani mai da ake kira vitamin E acetate da aka riƙa cakuɗawa a ruwan wiwi na bayan fage.

Sigarin lantarki ba lafiyayyen abu ba ne. Hukumar lafiya ta Ingila na cewa cutarwarsa ba ta kai ta taba sigari ba, amma ita ma ta ce wanda ba ya shan taba kada ya fara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta fi tsananta gargaɗi a kansa. Hukuncinsa a addini maganar malamai ce, a tambaye su. Abin da ke hannunmu shi ne ba ma sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko da ya ce yayansa ne ya aiko shi, kuma ba za mu ba mai juna biyu shawarar ta sha ba. Kwalaben nan masu ƙamshin alewa a ɓoye su inda yara ba za su kai ba, domin ruwan nikotin guba ne idan yaro ya haɗiye. In hakan ta faru a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Wanda kuma tarinsa ya ƙi tafiya bayan ya gyara duk abin da muka lissafa, ko yake jin ciwon ƙirji, ko numfashi na yi masa wuya, ko muryarsa ta dishe ta ƙi dawowa, wannan ya fi ƙarfin shago. Ya daina ja, ya ga likita, ga asibitin koyarwa na Shika nan kusa.

Mai son mu duba masa ya zo da na'urar, da kwalbar ruwan da yake amfani da ita, da kwalin koyil in yana nan. Dubawa kyauta ce, ko ba a wurinmu aka saya ba. Ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci muke buɗewa.

Mun gode da cinikinku. Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya.

Wassalam,
Naku, ma'aikatan shago,
Sabon Gari, Zariya