A Riƙa Haɗa Karatun Littafi Da Ɗan Abin Taɓawa Mana

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya fama da jama'a.

Magana ce na kawo a kan kukan da kullum ake yi a shafinku na adabi, wai yaran yanzu ba sa karanta littafin Hausa sai danna waya. To gaskiya ne ba sa yi, amma mu ma fa mu duba yadda muke miƙa musu littafin, a aji ne kawai, malami na tsaye da bulala ana cewa ka haddace sunan tauraro da jigo saboda jarrabawa, wa zai so abu a haka? Ni shawarata a riƙa shirya zaman karatu da yamma, a ɗauki littafi ɗaya, a kawo abinci da abin sha da kiɗan garuruwan da labarin ya ratsa, yaro ya ji labarin a kunne ya kuma ji shi a baki.

Bari in ba da misali da Shaihu Umar, tunda kusan duk wanda ya yi sakandare a Arewa ya taɓa riƙe shi. Marigayi Abubakar Tafawa Balewa ne ya rubuta shi a gasar da hukumar fassara ta Zariya ta sa a 1933, aka buga a 1934, lokacin yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba wanda ya san zai zama Firayim Minista. Abin da ya sa na zaɓe shi, littafin tafiya ne tun daga farko har ƙarshe, daga Kagara a ƙasar Bida zuwa Kano, a ƙetare hamada har Masar, a biyo ta Tarabulus, sannan a dawo a zauna a Rauta ta ƙasar Bauchi. Kowane zango da abincinsa, ka ga aiki ya zo da sauƙi.

A farkon labari ana fada ne, sarki da fadawa da Makau mijin uwar Umar da 'yan hassada, nan algaita ta dace, ko a waya ce a sa ta a hankali, a ɗan zuba tuwon shinkafa tunda ƙasar Nufe ƙasar shinkafa ce. Kaɗan fa, kar a cika ciki tun ba a je ko'ina ba.

Kano kuwa ba sai an yi dogon tunani ba, gurasa ce. Kuma ba don daɗinta kawai ba, ai gurasa da alkaki duk ta hannun Larabawan da ke fatauci tsakanin Kano da Tarabulus suka shigo mana, irin su Abdulkarim ɗin nan da ya ɗauki Umar ya tafi da shi. In ka miƙa wa yaro bandashe, an yayyafa mata ruwa ta yi laushi, ga garin ƙuli da man gyaɗa da albasa a kai, ka ce masa wannan da kake ci hanyar da ta bi ta zo ita ce hanyar da aka bi da Umar aka fita, wallahi ba zai manta ba, ya fi ka rubuta masa "cinikin hamada" a allo sau goma.

Inda na fi so shi ne hamada. Abincin ayari ba shi da yawa, dabino ne da gero da cuku, kuma har yau Buzaye suna daka su wuri guda su dama da ruwa, kamar fura amma ta fi zaƙi ta fi riƙe ciki, mutum ya sha da safe ya wuni a kan raƙumi. Kowace mace da ke da turmi za ta iya haɗa ta, cukun ne kawai sai an nemo wurin mutanen Nijar a kasuwa. Sai shayi, a kira mai ɗan buta da gawayi ya zauna a gefe yana zubawa daga sama har kumfa ta taso a ɗan kofin gilashi, na farko ɗaci kamar me, na uku kuma sai zaƙi. Kiɗa kuma akwai tinde, wanda turmi ne aka rufe da fata mata na kaɗawa, akwai imzad, goge ne mai tsirkiya ɗaya shi ma mata ke goga shi, har UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2013. Jitar Agadas ɗin nan ta zamani ina sonta sosai amma ba nan ne wurinta ba, zamanin labarin babu ita.

Amma akwai wurin da nake ganin dole a kashe kiɗa a rufe kwanuka. Littafin nan na bauta ne fa, ba yawon buɗe ido ba. Uwa ce ta fita neman ɗanta ita ma aka mai da ita baiwa, ta sha wuya har Tarabulus, ta gan shi kuma ba ta daɗe ba ta rasu. Ba daidai ba ne ana karanta wannan wani na suɗe yatsa. A karanta wurin haka nan, in ma za a zaga da wani abu to ruwa ya isa. Na taɓa zuwa wani taron ranar adabi a wata makaranta, ana karanta babi mai ban tausayi ana raba mitfai da lemon kwalba, can gefe mai kayan sauti ya ƙosa a gama ya saki kiɗan biki, yaran sai dariya suke. Irin wannan gara ba a yi ba.

Masar kuma zoɓo ya wadatar, su ma suna shansa sosai, har da zafi suke sha kamar shayi. Da an dawo Rauta sai a rufe da masa, kowa ya san Bauchi a nan ba ta da na biyu, mutanen Kano su yi haƙuri.

Na san wani zai ce ina kuɗin duk wannan a halin da ake ciki? Ba walima aka ce a yi ba. In mutum goma ne kowa ya ɗauki zango ɗaya, wannan ta kawo gurasa, wancan ya kawo mudun dabino, mai waya ya nemo kiɗa, shikenan. Ba ma dole sai an gama littafin a zama ɗaya ba, a raba shi mako-mako.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ware ɗan gurbi a shafin adabi ko sau ɗaya a wata, ku zaɓi littafi ku faɗi garuruwan da ke ciki, masu karatu su aiko da abincin wurin da yadda ake yinsa. Mutanen Damagaram da Agadas musamman ina so su yi mana bayanin ma'aunin furar nan, don tawa kullum cukun ke yin yawa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Zariya