Jami'o'i su fito da lissafi bainar jama'a

Ya Edita,

Ina roƙon fili domin in yi kira ga jami'o'i da su riƙa shirya laccocin lissafi waɗanda kowa zai iya halarta kyauta, saboda yara da yawa sun ɗauki fannin tamkar dodo tun kafin su san abin da ya ƙunsa.

Na taɓa halartar irin wannan lacca, inda malamar ta juya bakin wata siririyar takarda sau ɗaya, ta manne shi da ɗaya bakin, sannan ta miƙa wa wata yarinya almakashi ta tsaga ta ta tsakiya. Maimakon takardar ta rabu biyu, sai ta zama dogon zobe guda, yarinyar kuwa ta ƙi zama sai an gaya mata dalili.

Irin wannan yarinya ce ke damuna, domin daga 1936 zuwa 2022 mata biyu kacal suka sami lambar yabo ta Fields, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na lissafi a duniya, wato Maryam Mirzakhani da Maryna Viazovska. Lacca ɗaya ba za ta wadatar ba; 'yan mata, 'ya'yan talakawa da masu buƙata ta musamman suna bukatar tallafin karatu da malamin da zai riƙa bibiyarsu har su kammala digiri.

Naka,
Wani malamin lissafi