Babana, ka koma a sake auna ka

Babana,

Bayan gaisuwa, ya Abuja, ya aiki? Mu nan Gangare lafiya lau, sai sanyin Jos da ka sani.

Hauwa ce ta faɗa mini, kada kuma ka kira ta da faɗa. Ta ce wajen gwajin lafiyar ɗaukar aiki an auna jininka an samu 138 bisa 88, ka yi dariya ka ce cunkoson Mararaba ne. Tun daren ban yi barcin kirki ba.

In kai ka manta, ni ban manta ba. Kana shekara 15, lokacin da ka yi tsawo farat ɗaya har wandunanka suka ɗangale, na kai ka asibiti aka samu 126 bisa 80. Likitar ta ce jinin yaro dama yana hawa a hankali yadda jikinsa ke girma, na maza kuma yakan wuce na mata bayan balaga, musamman lambar sama. Abin da ta ja kunnena a kai shi ne, yaron da nasa ya fi na sa'anninsa tun yana samartaka, yawanci da shi yake girma, balle in akwai ciwon hawan jini a gida. Ta dube ni ta ce, akwai? Na ce akwai.

Kai ka riƙe wa Abbanku buta ranar da hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Shekararsa 49, bai taɓa cewa ga inda ke masa ciwo ba. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo.

Shi ya sa na rage gishiri da dunƙule a girki, kuka yi ta ƙorafin miyar Umma lami ce, har Goggonku ta ce rowa nake. Na shanye, don na san abin da nake gudu. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai cikin ƙaramin cokali ba, ƙasa da giram 5, har da wanda ke ɓoye cikin burodi. Yanzu da ka bar gabana sai Indomie wajen mai shayi, tsire da dare, ga lemon ƙarin kuzari don kada gyangyaɗi ya kama ka a ofis. Ƙwallon ma an ce ka daina, a hoton Sallah har tumbi na gani. Haba Babana! Wa ya ce maka ciwon tsofaffi ne? Da iliminka da komai, a shekara 24, ka mai da abin da ya kwantar da mahaifinka abin dariya?

Ka yi haƙuri, tsoro ne ke sa ni zafi. Na san awo ɗaya ba ya yanke hukunci, kuma ba ka kai 140 bisa 90 ba, inda ake fara cewa hawan jini ne. Amma ka matsa kusa.

Na'urar awon Abbanku na nan da lafiyarta, zan ba direba ranar Asabar, haɗe da dankali daga Farin Gada. Ka zauna minti 5 kafin ka auna, safe da yamma har mako guda, ka rubuta a takarda ka kai wa likita. Ni ma ka turo mini hoton takardar, Hauwa za ta karanta mini in idona ya gaza.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Ummanka